Yanar da teku ke yi wa gilashi, da yadda take sauya hasken da na'urori ke gani

Kimanin kilomita 20 yamma da tsibirin Lanai na jihar Hawayi, akwai wata na'ura da ke tsaye cikin tekun Fasifik tun shekarar 1997, ana kiranta MOBY. Doguwar sanda ce mai hannuwa uku a miƙe, na farko a zurfin mita 1, na biyu mita 5, na uku mita 9, kowane hannu ɗauke da 'yan tagogin da ke karɓar haske. Aikinta shi ne ta auna hasken ranar da ke shiga ruwa da wanda ke fitowa daga cikinsa, launi bayan launi. Da wannan awon ne hukumomin Amurka masu kula da teku da yanayi (NOAA) da sararin samaniya (NASA) ke saita taurarin ɗan'adam masu duba launin teku, tun daga SeaWiFS da aka harba a 1997 har zuwa MODIS da VIIRS da suka biyo baya.

Duk tsadar waɗannan taurari, kusan kowane wata sai an tura masu nutso sun sauka sun goge tagogin MOBY da hannu. Bayan 'yan watanni kuma a ciro ta ɗungurungum, a sa wata a madadinta, a kai ta ɗakin gwaji a sake auna ta. Mai ji daga nesa zai ce ai datti ne ya taru, a wanke shi ke nan. Amma abin da ke taruwa a kan gilashin rayayye ne. Yana girma, yana da launi, yana shanye wani sashe na haske ya ƙyale wani, wani lokaci ma shi da kansa yake fitar da haske. Na'urar da ta makance gaba ɗaya ba ta cika yin ɓarna ba, tunda kowa zai gane ta lalace a yi watsi da awonta. Wadda ake jin tsoro ita ce wadda ke ci gaba da aiko da lambobi masu kama da gaskiya.

Masu zuwa da fari, da masu biyo baya

Duk abin da aka tsoma a ruwan teku, gilashi ne ko ƙarfe ko roba, cikin 'yan mintuna fatarsa ta fara canzawa. Narkakkun sinadaran da halittu suka zubar a ruwa, irin su furotin da dangogin sukari, su ne ke fara manne masa. Ido ba ya ganin wannan shafi, amma ya riga ya yi aikinsa, domin abin da da zai zame ya wuce yanzu ya sami wurin kamawa. Cikin sa'o'i sai ƙwayoyin bakteriya su iso. Suna sauka sai su fara fitar da wani yauƙi da ke liƙe su da gilashin, ya kuma liƙe su da juna, a haka yanar ke fara kafuwa. Tun a 1935 Claude ZoBell da Esther Allen na cibiyar nazarin teku ta Scripps da ke Kalifoniya suka nuna haka da gwaji mai sauƙi: sun riƙa rataya 'yan faranta na gilashi cikin teku, suna ciro su suna dubawa a na'urar ganin ƙananan halittu, suka tarar bakteriya ne ke kama wuri kafin manyan halittu.

Idan wurin na samun rana, cikin kwanaki sai dayatom su biyo. Dangin gansakuka ne masu ƙwayar halitta ɗaya tak, kowane na zaune cikin ɗan akwatinsa na silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Su ne ke ba yanar launin ƙasa-ƙasa mai ratsin zinariya. Bayan makonni kuma sai manya: koren ciyawar teku, tsutsotsi masu gina bututun alli, kifin kwasfa, da banakul. Shi banakul ɗan'uwan ƙaguwa ne da jatan lande, ko da yake kama ba ta nuna haka. Tsutsarsa na yawo a ruwa har ta sami wurin da ya yi mata, ta manna goshinta da wani irin siminti da take fitarwa, ta gina ɗakin alli kewaye da jikinta, daga nan ba ta sake tashi har mutuwa. Charles Darwin sai da ya shafe shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, yana nazarin wannan 'yar halitta.

Duk wanda ya taɓa wanke randar da ruwa ya daɗe a ciki ya san wannan jerin a tafin hannunsa. Santsi ke fara zuwa tun bangon randar bai canza launi ba, gansakuka sai daga baya. A teku ma haka ne, sai dai jerin ba doka ba ce. Idan aka sa na'ura a lokacin da tsutsar banakul ta cika ruwa, ba za ta jira kowa ba. Ɗumin ruwa, yawan abincin da ke cikinsa, ƙarfin igiya, da inda gilashin ke fuskanta, duk suna canza sauri da irin masu zuwa.

Abin da yanar ke yi wa haske

Haske na tafiya ne a igiya-igiya, tsawon igiyar kuma shi ke bambanta launi da launi. Ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon mutum na gani daga kusan nanomita 400, inda shunayya da shuɗi suke, zuwa kusan 700, inda ja yake, kore kuma na tsakiya, wajen 550.

Abu na farko, yanar na shanye haske, amma tana zaɓe. Kulorofil, sinadarin da gansakuka ke kama rana da shi, ya fi shan shuɗi wajen nanomita 440 da ja wajen 675, ya bar kore ya wuce. Dayatom na da ƙarin wani sinadari mai suna fukozantin da ke miƙa shan har cikin shuɗi-kore, shi ya sa suke fitowa ƙasa-ƙasa maimakon kore shar. Jar gansakuka na da nata sinadarin da ke cin koren da sauran suka bari. Ruɓaɓɓun abubuwan da suka maƙale cikin yauƙin kuwa sun fi cin hasken da ke bayan shunayya wanda ido ba ya gani, sannan shuɗi, suna raguwa yayin da ake matsawa wajen ja. Saboda haka idan aka zana asarar hasken a takarda launi bayan launi, tudu ake gani a shuɗi, kwari a kore, sai wani ɗan tudun a ja. Siffar zanen kuma tana canzawa daga mako zuwa mako, gwargwadon wanda ya fi rinjaye a kan gilashin.

Abu na biyu, tana watsa haske. Duk lokacin da haske ya tsallaka daga wani abu zuwa wani, yakan lanƙwasa, wani ɗan kaso kuma ya koma baya. Kowane abu na da lambarsa ta lanƙwasa haske: iska 1.00, ruwan teku kusan 1.34, gilashi kusan 1.5, silikar dayatom wajen 1.43, allin kwasfar banakul kuma yana kaiwa har 1.66. Iya nisan lambar abu da ta ruwan da ke kewaye da shi, iya ƙarfin watsa haskensa. A nan ne za a gane dalilin da ya sa yanar farko ke ɓoyuwa. Yauƙin bakteriya fiye da kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, lambarsa dab take da ta ruwan teku, haske na ratsa shi kusan kamar babu shi. Mai nutso zai duba taga ya ga garau, sai ya shafa ya ji santsi. Illar wannan yauƙi ba ta tsaya a kansa ba, domin tarko ne: laka da yashi da gawarwakin ƙananan halittu da ke saukowa daga sama suna maƙalewa a ciki, su kuma suna watsa haske sosai. Kwasfar alli kuwa fara fat take, tana mayar da haske ta kowace fuska, tana kuma jefa inuwa a kan abin da ke ƙarƙashinta.

Watsawa ba ta kashe haske, hanya take canza masa. Ga na'urar da aka ƙera don ta karɓi haske daga siririyar kusurwa ɗaya, wannan na nufin wani hasken da ya kamata ya shiga zai kauce, wani kuma da ba nata ba zai faɗo ciki.

Abu na uku shi ne mafi ban mamaki. Kulorofil ba ya iya amfani da duk hasken da ya sha, sai ya amayar da ɗan kaɗan a launin ja mai duhu, wajen nanomita 685. Ke nan yanar da ke da rayayyun dayatom wata 'yar fitila ce manne da tagar na'ura.

Ƙarya mai kama da gaskiya

A ɗauki na'urar auna tsabtar ruwa. Tana harba siririn haske ja daga wata taga zuwa wata, galibi da tazarar santimita 25 a tsakani, ta auna nawa ya iso. A tsakiyar teku inda ruwa ke garau, duk ƙwayoyin da ke yawo cikin wannan tazara ba sa rage hasken fiye da kashi 1 zuwa 2 cikin 100. To a ce yanar ta kama tagogin biyu ta cinye kashi 5. Wannan ɗan dushewa ne da da kyar ido zai lura da shi. Amma na'urar ba ta da hanyar sanin ko a cikin ruwa hasken ya ɓata ko a kan fuskarta, sai kawai ta rubuta cewa gurɓatar ruwan ta ninka sau uku zuwa shida, alhali ruwan na nan yadda yake.

Na'urar auna kulorofil ta fi wannan shiga uku. Tana haska ruwa da shuɗin haske wajen nanomita 470, sannan ta auna jan hasken da gansakukar ruwan ta amayar, wajen 695. Idan dayatom suka zauna a kan tagarta, su ne mafi kusa da fitilar, su ne kuma mafi kusa da idon. Awo sai ya yi ta hawa kullum kamar gansakuka ta yi ambaliya a teku. Bayan wani lokaci yanar ta yi kauri, ko banakul ya zauna a tsakiyar taga ya tare fitilar, sai awo ya faɗo kamar ambaliyar ta wuce. Hawa da sauka irin wannan shi ne ainihin abin da mai bincike ke jira ya gani. Abin da ya ƙara dagula lissafi, lokacin da ruwa ya yi ɗumi abinci ya wadata har gansakukar teku ta yi yawa da gaske, shi ne kuma lokacin da yanar ta fi saurin girma. Gaskiya da ƙarya na tashi tare, a launi ɗaya.

Na'urori irin MOBY kuwa tagogi iri biyu gare su. Wata na kallon sama tana auna hasken da ke saukowa, wata na kallon ƙasa tana auna wanda ke tasowa, sai a raba na biyun da na farkon a sami launin ruwan. Daga nan ake ƙiyasta yawan kulorofil ta hanyar gwada shuɗi da kore. A lissafin SeaWiFS ana gwada nanomita 443 ko 490 ko 510 ne da 555. Idan tagar da ke kallon ƙasa ce ta yi yana, za ta cinye shuɗi fiye da kore, ruwa ya fito kamar ya fi kore, a ce kulorofil ya yi yawa. Idan ta sama ce, wadda ita ce laka ta fi sauka a kanta, sai lissafin ya juya, ruwa ya fito kamar ya fi shuɗi, a ce kulorofil ya ragu. Yana iri ɗaya, kuskure ta fuska biyu.

Hanyar da aka saba bi wajen gyara ita ce a ɗauki awo dab da gogewa, a sake ɗauka bayan an goge, bambancin shi ne abin da yanar ta ci, sai a rarraba shi a kan kwanakin da suka wuce. A ganina wannan gyara ne na dole, ba na gamsuwa ba, domin yana ɗauka cewa yanar ta girma daidai wa daida kowace rana. Rayayyen abu ba ya haka. Yakan yi shiru na kwanaki, ya yi tsalle, kifi ko katantanwa su zo su kankare rabi, guguwa ta wanke wani gefe. Shi ya sa masu kula da irin waɗannan bayanai sau da yawa kan gwammace su yanke makonnin ƙarshe su ajiye gefe.

Me ya sa ake wannan tsanani a kan MOBY? Saboda kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da tauraron ɗan'adam ke gani idan ya dubi teku daga sararin samaniya yake, iska da ƙura ne suka watso shi. Kashi 10 kacal ko ƙasa da haka ne ya fito daga cikin ruwa. Kuskuren kashi 1 a awon tauraron na iya zama kuskuren kashi 10 a launin ruwan. An zaɓi gabar Lanai ne don ruwanta garau yake, abinci kaɗan ne a ciki, samanta kuma ba ƙura, amma ko a can sai an goge.

Tekun da ke gabar Afirka ta Yamma kusan kishiyar wannan ne. Ruwan na da ɗumi, koguna irin su Neja na kwararo masa laka da abinci, a gabar Ghana da Kwaddibuwa kuma ruwan ƙasa mai sanyi da taki na tasowa sama tsakanin Yuli da Satumba. Ga ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda ita ma shuɗin haske take sha. Na'urorin auna yanayin teku da iska na shirin PIRATA, da Faransa da Burazil da Amurka suka kafa a tekun Atilantika tun 1997, waɗanda kusan sau ɗaya a shekara jirgi ke kai musu ziyara, suna fama ta sama da ƙasa: an gano ƙurar Sahara na taruwa a kan idanun auna rana na wasunsu har ta rage awon, halittu kuma na kama sassan da ke cikin ruwa.

Robar da ta koma kamar ciyawa

Ba tagogin na'urori kaɗai yanar ke canzawa ba, har da abin da ake nema a gani. Masu son gano sharar roba a teku daga sama sun dogara ne da cewa roba na mayar da haske ta wata siffa dabam da ta ruwa ko ciyawa. Tun 2018 masu bincike a Jami'ar Aegean da ke tsibirin Lesbos na ƙasar Girka ke shimfiɗa manyan faifan roba a kan teku don tauraron Sentinel-2 na Turai ya ɗauke su. A 2021 sun bar wata farar ragar roba mai faɗin mita 28 a mashigin ruwan Gera tsawon watanni. Da yanar ta kama ta, sai farinta ya dushe a launukan da ido ke gani, alamar kulorofil ta bayyana a jikinta. A hasken da ke bayan ja wanda ido ba ya gani, yanar ba ta yi tasiri sosai ba, a can nutsewar ragar cikin ruwa ce ta fi rage haske. Matsalar ita ce su biyun tafiya ɗaya suke yi: yana na ƙara wa roba nauyi, nauyi na dulmiyar da ita. Gorar ruwan da ta yi watanni tana yawo tana ƙara kama da ciyawar sargasum, wadda tun 2011 take cika tekun Atilantika har tana tarar gabar Najeriya da Ghana da Saliyo.

Magunguna, kowanne da kuɗinsa

Masu jiragen ruwa sun daɗe da wannan yaƙi, su damuwarsu gudu ne da cin mai. A 1761 rundunar ruwan Ingila ta lulluɓe ƙasan jirginta HMS Alarm da faranta na jan ƙarfe, domin jan ƙarfe na sakin guba kaɗan-kaɗan da ke hana halittu zama. A ƙarni na 20 aka samo fenti mai sinadarin TBT, wanda ya yi aiki fiye da kima. Ya lalata noman kifin kwasfa a mashigin Arkashon na Faransa a ƙarshen shekarun 1970, ya sa matan wasu katantanwar teku fitar da gaɓoɓin maza. Faransa ta hana shafa shi a ƙananan jirage a 1982, yarjejeniyar hana shi ta hukumar sufurin ruwa ta duniya kuma ta fara aiki a Satumban 2008.

Mai na'urar haske yana da wata matsalar da mai jirgi ba shi da ita: ba zai iya yi wa taga fenti ba. Don haka ake kewaye-kewaye. A zagaye tagar da zoben jan ƙarfe, ko a yi mata murfin jan ƙarfe da ke buɗewa na 'yan daƙiƙu lokacin awo ya sake rufewa. A sa mata ɗan burushi mai juyawa, wanda ke cin batir, yana iya karce gilashin idan yashi ya shiga, yana kuma iya maƙalewa a tsakiyar taga. A haska ta lokaci-lokaci da ƙaramar fitila mai hasken da ke bayan shunayya wanda ke kashe bakteriya. Ko a ratsa wutar lantarki cikin ruwan gishirin da ke dab da tagar don ya saki sinadarin kulorin. Dukkansu jinkirtawa suke yi. Suna mayar da makonni su zama watanni, amma jikin na'urar da ke kewaye da tagar na ci gaba da tara ciyawa, wadda igiya ke kaɗo ta gaban idon.

Dabara mafi arha ita ce gudun rana. Na'urorin Argo masu auna zafi da gishirin ruwa, waɗanda kusan 4,000 ne ke yawo a tekunan duniya, suna shafe mafi yawan kwana goman zagayensu a zurfin mita 1,000, cikin duhu da sanyi. Daga nan su nutsa zuwa mita 2,000, su taso suna awo, su aika bayanai ta tauraron ɗan'adam, su koma ƙasa ba tare da ɓata lokaci ba. Gansakuka ba ta samun ranar da za ta kafu, shi ya sa suke yin shekaru ba tare da hannun mutum ya taɓa su ba.

Can ƙasa, inda rana ba ta kaiwa

Duhu na korar gansakuka, amma bakteriya ba ruwansu da rana, laka kuma ba ta daina sauka. Waɗanda suka fi kowa bin diddigin wannan ba masana halittu ba ne, masana fiziya ne masu farautar nutirino, wata ƙwaya da ta fi zarra ƙanƙanta, mai ratsa duniya sukutum ba tare da ta taɓa komai ba. Jefi-jefi ɗaya takan yi karo da wani abu ta haifi wata ƙwayar mai suna miyuwon, wadda ke gudu cikin ruwa fiye da yadda haske ke gudu a cikinsa, ta bar wani shuɗin walƙiya a bayanta. Baturen Rasha Pavel Cherenkov ne ya gano wannan haske a 1934. A lura, shuɗi ne, launin da yana ta fi so.

Don kama wannan walƙiya aka gina wata na'ura mai suna ANTARES a Bahar Rum, kimanin kilomita 40 daga birnin Tulon na Faransa, a zurfin kusan mita 2,475. An kammala shi a 2008: igiyoyi 12 a tsaye, ɗauke da ƙwallayen gilashi 885 masu faɗin kusan santimita 43, kowace da ido a ciki mai iya jin ƙwayar haske ɗaya tak. Mai nutso ba ya isa wannan zurfi, don haka tun kafin gini suka saukar da ƙwallayen gwaji na watanni, da fitila a gefe da ma'aunai a ciki, don su ga yadda gilashin ke dushewa. Sakamakon da suka wallafa a 2003 ya nuna cewa a ƙugun ƙwallon, inda gilashin ke tsaye, asarar kusan kashi 2 cikin 100 ce a shekara guda, tana kuma raguwa idan an gangara ƙasa. Saman ƙwallon ne ke shan laka, ita ma ba ta kama da ƙarfi, igiyar ƙasan teku kan share ta wani lokaci. Idanun ANTARES duka ƙasa suke kallo a karkace, da kusurwar digiri 45. Dalili biyu ne suka haɗu: nutirinon da suke nema daga ƙasa yake ɓullowa bayan ya ratsa duniya, sannan kallon ƙasa na kare gilashi daga abin da ke zubowa.

To ta yaya za a san nawa ido ya rasa bayan shekaru a wurin da ba a iya zuwa? Tekun da kansa ya ba da fitilar gwaji. Gishirin teku na ɗauke da ɗan fotasiyam-40, sinadarin da ke rushewa a hankali, sai ya yi shekara biliyan 1.25 kafin rabinsa ya ƙare. Yawancin rushewarsa na harba ƙwayar lantarki da ke ba da ɗan ƙyallin Cherenkov. Tunda gishirin ƙasan Bahar Rum ba ya canzawa, yawan ƙyallin ma ba ya canzawa. Sai a ƙirga sau nawa idanu biyu maƙwabta suka ga ƙyalli ɗaya a lokaci ɗaya. Wannan ƙirga ba ta ruɗuwa da hasken da wasu halittun ƙasan teku ke fitarwa daga jikinsu, wanda kan zo ya wuce. Idan lambar ta ragu, idanun ne suka ragu. Da haka suka gano cewa cikin shekara tara ƙarfin ganin ya sauka da kusan kashi 20 cikin 100, haɗe da tsufan na'urorin kansu da abin da ya taru a kan gilashi. ANTARES ya yi aiki har farkon 2022.

Magajinsa, KM3NeT, ana gina shi a wuri biyu, ɗaya kusa da Tulon, ɗaya a kudu maso gabashin tsibirin Sisili na Italiya a zurfin kusan mita 3,500. Su kuma sun zaɓi su ga kowace fuska: kowace ƙwallo na da ƙananan idanu 31, guda 19 a rabin ƙasa, 12 a rabin sama. Na saman nan su ne laka ke sauka a kansu, kuma ana bin kowane ɗaya da ƙirgar fotasiyam ɗin nan. Ranar 13 ga Fabrairun 2023, lokacin da igiyoyi 21 kaɗai ke aiki a sashen Sisili, wani miyuwon ya ratsa wurin kusan a kwance. An ƙiyasta nutirinon da ya haife shi na da ƙarfin da ya ninka na ƙwayoyin da babbar na'urar CERN, cibiyar binciken fiziya ta Turai, ke harbawa fiye da sau 30,000, mafi ƙarfi da aka taɓa kamawa. An fitar da wannan ƙiyasi ne daga yawan idanun da hasken ya taɓa, sama da 3,600, lissafin kuma na buƙatar a san nawa laka da yana suka rage wa kowane ɗaya daga cikinsu a wannan rana.